Wai don ba ta da miji sai yaranta su ƙare hutu a tsakar gida?

Wata magana ce ta tashi a gurup ɗin danginmu na WhatsApp satin da ya wuce, har yau ta ƙi barin raina. Ƙanwata, wadda aurenta ya mutu shekara 3 ke nan ta dawo unguwar Rikkos a Jos da yara uku, ta kwashe su ranar Asabar ta kai su wurin namun daji na Wildlife Park, ta ɗora hoto a status. Kafin la'asar wani kawunmu ya turo saƙon murya: "Ke 'yar nan, kullum kina kukan kuɗin makaranta, ashe kina da na zuwa kallon birai?" Ita kuwa baiwar Allah sai cewa take "Kawu a yi haƙuri, yaran ne suka dame ni." Haƙurin me fisabilillahi?

Ni na san yadda aka yi fitar nan. Wata biyu ta yi tana jefa ɗari bibbiyu a asusu daga cinikin awara, da asuba ta yi dafa-duka ta zuba a kula, ta ɗura zoɓo a gorunan da ta wanke, a cikin keke kuma ta ɗora autan a cinya, na tsakiyan a cinyar yayarsa don kar mai keke ya caji kujera huɗu. Wannan ita ce almubazzarancin da ake wa wa'azi.

Matsalarmu mun ɗauka hutu sai wanda ya je Dubai ya ɗauko hoto a bakin jirgi, talaka kuwa nasa hutun shi ne ya zauna ya yi shiru. Da can akwai mafita, a tura yara wajen kaka Kano ko Bauchi su yi sati biyu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 1,000 a ƙarshen 2024, ka je tashar Bauchi Road ka tambayi kuɗin kujera huɗu zuwa da dawowa, ga tsaraba, sannan ka tuna mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, ita ko albashin ma ba ta da shi. To me ya rage mata in ba abin da ke cikin Jos ɗin ba? Wurin namun dajin nan tun 1972 yake, zamanin Gwamna Gomwalk. Gidan tarihi tun 1952, da gumakan Nok a ciki, ga kwaikwayon ganuwar Kano a kusa da shi. Mutane daga Legas suke biyo hanya su gani, yaron Rikkos sai ya gama firamare bai taɓa ganin jimina ba.

Kuma mu daina munafunci. Da uban yaran ne ya kai su, wallahi yabo za a yi ta zubawa, "Allah ya bar zumunci". Uban da ciyarwa ke wuyansa, amma ko sabulu bai aiko ba tun Sallah, babu kawun da ya tura masa saƙon murya. Masu faɗan nan su ne za su sa ta fitar da kuɗin anko na bikin 'yarsu, a nan ba a tuna kuɗin makaranta.

Masu cewa ai don tsaro ne, ita ma a garin take kwana, ta fi su sanin lokacin da ake fita da lokacin da ake komawa gida.

Ya kamata gwamnatin Filato ta ware rana ɗaya a kowane hutu yara su shiga wuraren nan kyauta, ba zai karya ta ba. Matan unguwa irinta su haɗa kuɗi su ɗauki shatar bas ɗaya. Ita dai ta sayi sabon asusu, wai Assop Falls, inda ruwa ke gangarowa daga dutse, take hari a Disamba, na jefa mata nawa. Kawu kuma na tambaye shi a gurup ko yana da lambar uban yaran, ya karanta, har yanzu bai ce komai ba.