A ido ƙuda ɗaya ne, a madubi kuwa dangi ne guda

Kama baƙin ƙudan da ke yaɗa makantar kogi a bakin kogin Volta, ka kamo wani daga kogin Bandama, ka jera su a tafin hannu. Ba za ka iya bambance su ba. Masana ma sun daɗe suna kiransu da suna ɗaya, Simulium damnosum, har sai da aka leƙa cikin 'ya'yansa da ke manne da duwatsu a ruwa mai gudu.

A jakar miyan waɗannan 'ya'ya akwai kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da halayen gado, masu kauri ƙwarai. Idan aka rina su aka sa a madubin likita, sai ka ga ratsi-ratsi, baƙi da fari, kamar saƙi. A wasu ƙudajen wani yanki na zaren ya juye, kai ya koma wutsiya. Da wannan juyi masana biyu, Vajime da Dunbar, suka nuna a 1975 cewa ƙudan Afirka ta Yamma jinsuna ne da dama. Jinsin sirbanum na yankin sabana ne, jinsin yahense na kurmi.

Wani zai ce wannan ai aikin masu lokaci ne. Ban yarda ba. Shirin yaƙi da cutar da aka fara a 1974 ya yi ta zuba maganin temefos a koguna don kashe 'ya'yan ƙudan, amma da damina ta faɗi sai ƙudaje su sake bayyana. Ashe baƙi ne, iskar damina ke kwaso su daga ɗaruruwan kilomitoci, kuma sanin jinsinsu ya taimaka wajen bin sawu har kogunan da suke hayayyafa. A 1980 kuma, da maganin ya daina ci a ƙasan Bandama a Kwaddibuwa, an gane jinsin da ya yi taurin kai, aka sauya masa magani.

Tun da aka fara ba da ƙwayar ibamektin kyauta a 1987, hankali ya koma kan rabon magani. Madalla da ita, amma 'ya'yan tsutsar da ke haddasa cutar take kashewa, uwar kan yi shekara goma zuwa sha biyar a jikin mutum tana haihuwa. Muddin ƙuda na tsallaka iyaka, yankin da aka share yana iya sake kamuwa.

Nijar ta samu shaidar kawar da cutar daga Hukumar Lafiya ta Duniya a Janairun 2025, ta farko a Afirka. Kare wannan nasara na buƙatar a san ƙudan da ke shigowa da kuma inda ya fito. Gwajin DNA na zamani yana taimakawa, sai dai jinsunan nan sun yi kusa da juna har yakan kasa raba wasunsu. Karatun ratsin kuromosom kuwa sai an zauna gaban gwani an koya, ido da hannu. Duk mai ware kuɗin rabon ƙwaya, ya ware na horar da masu wannan karatu tun gwanayen suna nan.