Farfesanci Bai Isa Sauraron Ƙarar Lalata Ba

A yawancin jami'o'inmu na gida, idan ɗaliba ta kai ƙarar malami cewa ya nemi lalata da ita kafin ya ba ta maki, abin da ake yi sananne ne: a kafa kwamiti. A ɗauko farfesa biyu ko uku, a haɗa da wani daga ofishin magatakarda, a sa mace ɗaya don kada a ce ba a sa ba. Babu mai tambayar ko an taɓa koya musu sauraron irin wannan ƙara. Ana ganin furfura da digiri sun isa, alhali ba su isa ba.

A nan Amurka, ana sauraron waɗannan ƙararraki ne a ƙarƙashin dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Tsarin nasu ya sha juyi kamar waina a tanda: gwamnatin Obama ta fitar da umarni a 2011, aka janye shi a 2017, aka kafa ƙa'idoji a 2020, gwamnatin Biden ta sauya su a 2024, wata kotun tarayya a Kentucky ta soke sauyin a Janairun 2025, aka koma kan na 2020. Duk da wannan kai-komo, ba a bar maganar horar da masu sauraro ba.

Ƙa'idojin 2020 sun ce mai bincike daban, mai yanke hukunci daban. Kowane ɓangare yana da kwana 10 ya duba hujjoji ya ba da amsa, kuma rahoton bincike zai isa hannunsa aƙalla kwana 10 kafin zama. Wanda ake tuhuma ba ya yi wa mai ƙara tambaya da bakinsa, sai ta bakin mai ba shi shawara, idan ba shi da kowa jami'a ta ba shi kyauta. Ana naɗar zaman, a ajiye bayanai shekara 7. Hatta takardun da aka horar da kwamitin da su, dole a sa su a shafin intanet na jami'a.

Inda horo ya fi aiki shi ne wajen tambaya. Kafin a amsa kowace tambaya, mai yanke hukunci zai ce ta shafi ƙarar ko ba ta shafa ba, idan ya hana ta ya faɗi dalili. Ba a tono tarihin mu'amalar mai ƙara da wasu maza, sai don nuna cewa wani ne ya aikata, ko kuma abin da ya taɓa gudana tsakaninta da wanda ake tuhuma, don a gane ko da yardarta. Mu kuwa tambayoyinmu su ne: me ya kai ki ofishinsa bayan la'asar? Wane kaya kika sa? Kina da saurayi? Ko ɗaya ba ta tabbatar da komai. Tambayoyi masu amfani su ne: wace rana, ƙarfe nawa, wa ya ga shigarki, wa kika fara gaya wa, ina saƙonnin waya, nawa kika ci a gwajin tsakiyar zango, nawa a jarrabawa.

Akwai matsalar da ta fi tsanani a wurinmu, wato kunya. Yarinyar da aka tarbiyyantar kada ta ɗaga ido gaban sa'an mahaifinta ba za ta ambaci sunan gaɓa a gaban dattawa biyar ba. Za ta ce ya yi mata maganar banza, ko ya taɓa ta, ta sunkuyar da kai. Sakatare ya rubuta haka, a wuce. Ranar da malamin ya je kotu, lauyansa zai tambaya: wace magana, taɓa ina? Shi ke nan hukunci ya rushe. Wanda aka horar zai ce, "Daga nan sai me ya faru?" ya yi shiru ya jira. Zai ba ta takarda ta rubuta abin da baki ya kasa, ba zai sa mata kalma a baki ba.

Amurkawa ma sun taɓa zarcewa. An soki wasu darussan horon da cewa suna sa a ɗauki duk saɓani a maganar mai ƙara a matsayin alamar firgici, ɗaliban da aka kora kuma suka yi ta zuwa kotu. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wa Jami'ar Michigan, idan magana ta tsaya kan wa za a gaskata, dole a ba da damar yi wa juna tambayoyi. Jinkirin kai ƙara ba ya nuna ƙarya, hawaye kuma ba hujja ba ne.

Sai ma'aunin hujja, wato ƙarfin da hujja za ta kai kafin a kama mutum da laifi, wanda kwamitocinmu ba sa ma ambata. A Amurka jami'a takan zaɓi rinjayen hujja ko hujja bayyananniya, ta rubuta tun kafin a kawo ƙara. Rashin wannan ne ya sa a gida sai mai faifan murya ake saurara, kamar yadda aka yi a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a 2018, inda wata ɗaliba ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele, aka kore shi, kotu ta ɗaure shi shekara 2. Ɗalibai nawa ne ke shiga ofis da waya a kunne?

Sulhu kuwa, ƙa'idojin 2020 sun hana shi idan ma'aikaci ne ake zargi da cin zarafin ɗalibi. Wanda makinki ke hannunsa ba a yin "a rufa asiri" da shi.

Ba sai mun kwafo komai ba. Kotun Ƙoli ta riga ta ja mana layi a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986: wanda abin ya shafa ba ya zama alƙali, babban laifi kuma na kotu ne. Don haka fyaɗe a miƙa wa 'yan sanda. Sauran ƙararraki kuwa, a ware mutum goma sha biyu, a horar da su kwana biyu duk shekara da zaman gwaji, kada kowa ya saurari ƙarar tsangayarsa. Ranar da ƙara ta shigo kuma, a karɓe takardun jarrabawar ɗalibar daga hannun malamin, a ba wani daga waje ya duba.