Ƙannena ɗalibai, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi

Jiya na leƙa jami'a wajen wani ƙanena da ke haɗa Tarihi da Hausa. Na tarar da shi da abokansa a gindin darbejiya, saura kwana biyu jarrabawa, kowa ya sunkuya a kan waya. Na ɗauka karatu suke. Ashe taƙaitaccen bayanin Ganɗoki ne wani ya turo a WhatsApp, shafi ɗaya da rabi, suna ta hadda. Na ce wa ya taɓa riƙe littafin da hannunsa? Su bakwai, ba ko ɗaya. Wallahi raina ya ɓaci.

Haba ƙannena! Littafin da Bello Kagara ya rubuta don gasar 1933 a Zariya, wanda a zama ɗaya za a iya cinye shi, shi ne sai an tauna an ba ku a baki? Ku fa ke da gata biyu. A ajin tarihi a gaya muku Turawa sun ci Sakkwato a 1903, a ajin adabi ku ji yadda zuwan nasu ya zauna a zukatan mutanen da suka gani da ido. Kun yar da gatan, kun rungumi taƙaitawa.

Taƙaitawa za ta ce maka an gwabza yaƙin jihadi a Tafkin Kwatto a 1804, shi ke nan. Amma je ka ga waƙoƙin Abdullahi ɗan Fodiyo a littafinsa Tazyinul Waraƙati, ka ji murnar nasara daga bakin wanda ya riƙe baka a filin, ka kuma ji takaicinsa da ya ga son duniya ya shigo cikin jama'a, har ya bar runduna ya nufi gabas ya yada zango a Kano. Wane shafi ɗaya da rabi ne zai ɗauko maka wannan? Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u fa, ita ma sai an matse muku ita? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya ci da hannun wani bai san zafin tuwo ba.

Kada a ce mini tsadar littafi. Kuɗin datar da ake ƙonawa a TikTok har asuba fa? Ban ma taɓo masu sayen kundin kammala digiri a shagon kwamfuta su manna sunansu ba, wannan sata ce tsagwaronta.

Ku dai gyara, don Allah.

Da can ɗalibi kan hau mota zuwa Arewa House a Kaduna, ya wuni yana buɗa tsofaffin takardu har yatsunsa su yi ƙura. Wani ya rataya rakoda ya bi ƙauyuka, ya durƙusa gaban dattijo ko makaɗin fada yana ɗaukar kirarin sarakuna. Littafi ɗaya ya zaga ɗaki guda har bangonsa ya cire a ɗinke da zare. Dattawan nan suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ga ɗakin karatu a buɗe, kujeru babu kowa.