Wai ruwan Allah ne, ba ya ƙarewa

Ga abin da na gani a wani bidiyo. Motocin tanka sun jera a bakin tafkin Madarunfa da ke jihar Maraɗi ta Nijar ana tsakiyar bazara, tiyo cikin ruwa, inji na ruri, Alhajin da ke da su kuma yana dariya yana cewa ruwan sha zai kai wa jama'a, wai "ruwan Allah ne, ba ya ƙarewa". To madalla da wannan ilimi. Sai a aika wa mutanen tafkin Chadi da wannan albishir, su da ruwansu ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, yau kuma ana noman wake a wuraren da ake jefa koma.

Abin da ya fi ɓata min rai masu tafa masa a ƙasan bidiyon. "Mutum ya fi kifi." Wa ya ce bai fi ba? Masuncin da ke hawa gora tun asuba aljani ne? Matar da ke suyar karfasa a bakin hanya tana ciyar da marayu da ita, ita ba mutum ba ce?

Ku saurara da kyau. Tafkin nan ba rijiya ba ne, faranti ne. Faɗi gare shi, zurfinsa 'yan mitoci ne kawai. Idan ruwa ya sauka taki ɗaya, gefe yakan ja da baya da nisa, kuma a gefen nan rayuwar kifi take. Can karfasa ke share ɗan gurbi cikin yashi ta yi ƙwai. Can 'ya'yan kifi ke ɓuya cikin ciyawa kada manya su haɗiye su. Tarwaɗa kuwa jira take ruwan farko ya sauko, ta bi mashigi ta hau fadamar da ruwa ya malale, ta zuba ƙwai, 'ya'yan su yi wayo su biyo ruwa su dawo. Idan tafki ya yi ƙasa sosai kafin damina, ruwan farko cike gurbin da aka kwashe zai tsaya yi, mashigi ya makara, malale ya gajarta, 'ya'yan su maƙale a kududdufi tsuntsaye su yi biki. Taki ɗaya, jama'a. 'Ya'yan kifi ba sa tafiya a ƙasa. In ban da gaiwa da ke shigewa laka ta kwanta har damina, sauran ba su da wannan dabara.

Na san abin da za ku rubuto. "Ai rana ta fi tanka shan ruwa." Gaskiya ne, to sai me? Don rana na sha, sai mu taya ta? "Ai yashi ne ke cike tafkin." Shi ma gaskiya ne, kuma shi ya sa takin nan ɗaya ya ƙara tsada. "Ai laifin madatsar Jibiya ne." Kowa a Maraɗi ya san Gulbin Maraɗi, mai ba tafkin ruwa, ba ya sauko kamar da tun da aka tare shi a can Najeriya, ga kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Najeriya kan rabon ruwan iyaka, wadda Gulbin Maraɗi ke cikinta. A yi wannan maganar, ina goyon baya. Amma wanda ke kukan an rage masa daga sama, shi ne zai zo ya zuƙe ɗan abin da ya saura? Gulbin Gabi, ɗayan gulbin da ke ba tafkin ruwa, shi kaɗai ba zai ɗauke mana wannan kaya ba.

Wallahi ba gaba nake da mai neman ruwan sha ba. Wanda ya taɓa ganin yarinya da jarka bisa kai cikin ranar watan Afirilu ba zai yi wasa da ƙishirwa ba. Roƙona a kafa ma'auni a bakin tafki, sanda mai lamba da kowa zai gani. Ruwa ya sauka ƙasa da alama, a naɗe tiyo, ko na wane ne. Mai son ɗiba ya ɗiba bayan damina lokacin da tafki ya cika. A zauna da Sarkin Ruwa da masunta, su suka san watan da kifi ke hawa, ba wanda ke zaune cikin ofis da fanka ba. Tun 2019 aka sa tafkin nan cikin jerin Ramsar na dausayoyin duniya, muka yi ta alfahari, haka muke alfahari da kaburburan waliyyai 99 da aka ce sun kewaye shi. Waliyyan ba za su taso su kashe injin Alhaji ba.

Af, tunda maganar kifi ake: masu suya a cikin gari, don Allah ku daina sayar mana da kifin kwali na ƙanƙara kuna rantsuwa na Madarunfa ne. Kifin teku ne, ƙarninsa ma daban. Ku faɗi gaskiya mu saya, yajin ne dai ku ƙara.