Ni da danƙona da ƙadangaren bakin randa

Da gemuna da furfurata na koma harbin danƙo. Hutun aiki ne ya jawo min. Na saro gwafa a jikin gwaibar gidanmu, na karɓo jan tif a wurin mai faci, na yanko fata daga tsohon takalmi. Tsakuwa kuwa na ce wannan ta yara ce, sai da na je gareji bakanike ya tsinto min boris cike da gwangwanin tumatir.

Kwana uku ina ɓarin boris a bayan gida, ranar na huɗu na sami gwangwanin madara sau biyu a jere, kaina ya kumbura. Da yamma a majalisa na ce ai danƙon nan nawa ba abin da harba-ka-ruga za ta nuna masa, ga shi ba a ɗura masa albarushi, ba ya tashin unguwa da ƙara.

Akwai wani dattijon maƙwabcinmu da ya tsufa a farauta. Ya dube ni ya ce, "Yaro, kawo gwangwanin mu gani." Na miƙa masa. Ya jujjuya, ya sa ɗan yatsa a inda ya loɓa, ya ce, "To ina ramin?" Ɗan yayana mai karatun kimiyya shi ma ya tsoma baki, wai harsashin AK-47 yana fita da gudun kusan mita 700 a daƙiƙa, ninki biyu na gudun sauti, danƙo kuma da ƙyar yake kai 100. Na ce lissafin boko ne. (Yaron nan ni nake biya masa kuɗin makaranta, ku ji sakayya.)

Washegari da sassafe, ana tsakiyar hunturu, na fito alwala sai ga jan gwada zaune daram a bakin randar uwargida. Randar nan tun kayan aurenta ce, shekara 19 tana sanyaya mana ruwa. Karin maganar ƙadangaren bakin tulu na san ta tun ina firamare, amma a lokacin ko kusa ba ta zo min ba. Abin da ya zo min shi ne gawar da zan ɗauka in kai majalisa.

Na ja danƙo har kunne, na kanne ido, na saki. Abin da ban lissafa ba, roba in ta sha sanyi sandarewa take yi, ƙarfinta ya ragu. Boris ya tafi a sanyaye, ya sunkuya ƙasa, ya sauka a jikin randa, ƙwas! Shiru na ɗan lokaci. Sai tsaga ta bi ta tun daga wuya har gindi, ruwa ya malale ya zo ya jiƙa min silifas.

Ƙadangare ya haye katanga ya tsaya yana gyaɗa min kai.

Uwargida ta fito daga kicin da muciya a hannu. "Malam, me ya fashe?" Na ce ƙadangare ne. Ta dubi randa, ta dubi abin da nake ɓoyewa a bayan riga, ta ce, "Ikon Allah, shi ma danƙo ya saya?"

Kafin azahar labari ya riga ni isa majalisa. Dattijon nan ya matsa min tabarma, ya ce, "Zauna, sarkin baka. An ce ka yi babban kamu." Danƙon yanzu yana cikin kwabar uwargida, ta yanke robar ta ɗaure bakin buhun gari da ita.