Salansar Hilux ba ta Golf ba ce, ku daina cutar mu

Wai yaushe masu sayar da kayan mota da 'yan walda za su yarda cewa injin gas, wato dizal, daban, injin fetur daban? Duk mai tsohuwar Hilux, irin namu masu injin da ake kira 3L da 5L, ya san wannan takaicin. Salansa ta ruɓe, ka shiga kasuwa neman wata, abin da za ka fara ji shi ne: "Alhaji, ai salansa duk salansa ce, a yanka a haɗa kawai." Wallahi wannan maganar ta ci kuɗin mutane ba kaɗan ba.

Tawa 5L ce, lita 3.0, ba ta da turbo, da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Da tukunyar salansar ta huje, mai kaya ya miƙo mini wata tana ƙyalli, ya rantse ya maya cewa ba ta tsatsa. Fenti ne! Tun kafin mu fita gari ya fara ƙonewa yana wari, damina ɗaya ta mayar da ita rariya. Abin da ya fi ƙona mini rai kuma, ashe ta ƙaramar motar fetur ce, aka faɗaɗa mata baki da guduma don ta shiga.

Injin gas iska yake zuƙa son ransa ko da ba ka taka totur sosai ba, don haka hayaƙin da yake fitarwa na bukatar hanya mai faɗi. Ka matse masa ita, sai ya riƙa dawowa yana cushe inji. Mota ta yi nauyi, zafi ya ƙaru, a hawa ka koma giya ta biyu inda da ta uku kake wucewa da buhunanka. Kuma kowane takun totur kuɗi ne, a zamanin da litar gas ta haura naira 1,000. Ka koma ka yi ƙorafi, a ce maka ai famfon tura mai ne, ko nozul mai fesa man cikin inji, je ka wajen mai kalibireshan, wato mai saita su. Can ma ka biya, alhali cutar tana ƙarƙashin mota.

Sai aikin haɗin kansa, wanda shi ne babban abin haushi. Kamfani bai rataye salansa a kan robobi don ado ba. Injin gas yana jijjiga fiye da na fetur, ga hanyoyinmu na burji da ramuka, dole bututun ya samu damar motsi. Amma mai walda ya ga roba ta tsinke, maimakon ya aika yaro ya sayo, sai ya ɗauko guntun rodi ya like bututun da shasi ƙam. Ina kallo na ce, "Malam, wannan ba zai tsage ba?" Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Maigida, wannan har jikokinka." Jijjigar da ta rasa wajen zuwa ta koma ta tsaga bututun daga wuyansa, kusa da inji. Kwanar bututun ma ba lanƙwasa ta ya yi ba, yanka ya yi ya haɗa, ciki duk tsinin walda da ke tare hayaƙi. Gasket kuwa, wanda ke toshe mahaɗar bututun don kar hayaƙi ya fita, tsohon ya mayar, ya ɗaure da noti biyu a wurin uku.

Kar a ɗauka maganar ƙara ce kaɗai. Idan wurin ya tsage, hayaƙi ta ƙasan kujera yake shigowa, ta ramukan da tsatsa ta ci. Ka isa gida da ciwon kai da jiri, riga duk warin gas, ka ce gajiya ce. Wannan hayaƙin yana ɗauke da guba mai sa barci, kai kuma kana kan sitiyari da yaran mota biyu a gefe. Wasu har gajarta bututun suke yi ya tsaya a tsakiyar bodi, ya bar kaya da leburorin da ke baya suna shaƙa.

Akwai kuma masu ba da shawarar a cire tukunyar gaba ɗaya, wai mota ta fi ƙarfi. Ƙarfin me? Ka tayar da unguwa da asuba, jami'an hanya kuma su samu dalilin tsayar da kai.

Ni yanzu ta Beljiyam nake nema, wadda aka kwance daga Hilux mai gas irin tawa, da robobinta da bakinta na asali. Zan auna faɗin bututun da kaina, in ɗaga ta in ji nauyi, in jijjiga in ji ko cikinta ya zube. Wanda zai ɗaura kuma sharaɗinmu tun kafin ya kunna wuta: rodi ya taɓa shasi, ba ni biyan ko sisi.