Wayar da ke bakin titin jirgi, a wuyan wa take?

Da yammacin Lahadi, 27 ga Nuwamban 2022, wani ƙaramin jirgi ƙirar Mooney ya doshi filin jirgin Gaithersburg da ke jihar Maryland ta Amurka, gari ya yi hazo, duhu ya fara shiga. Bai kai titin sauka ba. Ya yi ƙasa fiye da kima, ya afka cikin manyan wayoyin wuta, ya maƙale a jikin hasumiyar ƙarfe kimanin mita 30 daga ƙasa. Mutum biyu da ke ciki suka shafe kusan awa 7 a rataye, domin masu ceto ba su isa su taɓa jirgin ba sai da aka tabbatar babu sauran wuta a layin, aka kuma ɗaure shi don kada ya suɓuto. Dubban gidaje suka shiga duhu. Su biyun dai sun sauko da ransu, da sauran shan ruwansu a gaba.

Wannan fa filin jama'a ne, mai rajista, wanda dogayen abubuwan da ke kewaye da shi suna cikin taswirar matuƙa. To ina ga titin da manomi ya share a bayan gonarsa, ko wanda kamfani ya shimfiɗa kusa da ma'aikatarsa?

Irin waɗannan su ne suka fi yawa a Amurka. Cikin wuraren sauka kusan 20,000 da ƙasar ke da su, kimanin 5,000 ne kawai na kowa da kowa, sauran na masu su ne. Dokar hukumar jiragen saman ƙasar, FAA, ta wajabta a sanar da ita kafin a kafa abin da tsayinsa ya haura ƙafa 200, wato mita 61, ko kuma abin da bai kai haka ba idan yana kusa da filin jama'a. Amma titin ciyawa na wani mutum shi kaɗai, galibi wannan kariyar ba ta isa gare shi. Falwaya mai tsayin mita 10 ko 12 kuwa ko kusa da mita 61 ba ta je ba. Saboda haka kamfanin wuta na iya jan waya a gonar maƙwabci, daidai bakin titin, bai karya wata dokar sama ba. Mai titin ya ce wayar ba tasa ba ce, kamfanin wuta ya ce titin ba nasa ba ne, hukuma ta ce wurin ba na jama'a ba ne. Ranar da aka yi karo, sai rahoto ya fito da kalmar da kowa ya saba ji: kuskuren matuƙi.

A nan nake da ja. Ba na cewa matuƙa ba sa kuskure, amma jingina komai a kansu na rufe wani abu da masu tuƙin kansu suka daɗe da sani: daga sama, waya ba abar gani ba ce. Mai tafiya a ƙasa yana ɗaga kai ya hango ta a sarari saboda hasken sama na bayanta. Matuƙi kuwa daga bisa yake kallonta, bayanta bishiyoyi ne da gona da ƙasa, duk launinsu ɗaya da tsohuwar wayar da rana da ruwa suka dusashe. Shi ya sa ake koya wa masu koyon tuƙi cewa kada su nemi waya, su nemi turke, su kuma ɗauka duk inda suka ga gida ko famfon ban-ruwa a keɓe, akwai waya da ke zuwa wurinsa. Dabarar na aiki, sai dai idan turken ya ɓuya a cikin bishiya. A manyan layuka ma, wayar da ta fi kowace tsayi, wadda aka sa don tare tsawa, ita ce ta fi siranta. Matuƙi na iya ganin kaurarrun da ke ƙasa, ya ɗaga don ya tsallake su, ya faɗa wa siririyar da ke samansu.

A karkarar Ostireliya abin ya fi muni. Can ana kai wuta ƙauyuka da waya ƙwaya ɗaya tal, ƙasa ce ke zama hanyar komawar wutar, kuma tazarar da ke tsakanin turke da turke kan kai ɗaruruwan mita. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, ATSB, ta tattara haɗurra 180 na karo da waya tsakanin 2001 da 2010, 100 daga cikinsu a aikin gona. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani adadi da hukumar ta ambata: kashi 63 cikin 100 na matuƙan sun san da wayar kafin su buge ta. Mu dai mun taso muna jin in kunne ya ji jiki ya tsira. A nan kunne ya ji, ido ma ya taɓa gani, jiki bai tsira ba. Mutum ya tsallake waya sau goma tun safe, a na goma sha ɗaya wani abu ya ɗauke masa hankali na ɗan ƙiftawar ido, ko iska ta juya, ko rana ta haske masa fuska. Duk tsarin da ya dogara ga cewa ɗan Adam ba zai taɓa mantuwa ba, an gina shi ne a kan yashi.

Lissafin ma ba ya goyon bayan matuƙi. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 yana tunkarar sauka da gudun kusan kilomita 120 a awa, wato mita 33 a daƙiƙa guda. In ya hango waya daga nisan mita 100, daƙiƙa 3 ke gare shi. FAA da kanta ta ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hango wani jirgin zuwa lokacin da nasa zai kauce, ana buƙatar daƙiƙa 12.5. Jirgi sukutum ke nan, ba waya mai kaurin ɗan yatsa ba. Sannan gangarowar sauka a hankali take, kusan mita 1 ƙasa a duk mita 20 gaba. Ke nan falwaya mai mita 10 tana bukatar tazarar mita 200 daga inda taya za ta taɓa ƙasa. Idan gaba ɗaya titin mita 600 ne, waya ta cinye sulusinsa. Matuƙi zai so ya bi ta kan wayar a matse don kada titi ya ƙare masa, kuma a wannan matsewar ake samun tsautsayi. Wajen tashi kuma zafin rana na sirantar da iska, inji ya rage ƙarfi, jirgin da ya tsallake waya da asuba ya kasa tsallake ta da azahar.

Magani ba ɓoyayye ba ne. Akwai ƙwallayen nan masu ruwan lemo da fari da ake jerawa a jikin waya. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce faɗin kowace kada ya gaza santimita 60. Akwai binne wayar a ƙasa na tsawon ɗan wurin da ya tare bakin titi, wanda shi ne ya fi, don ƙwallo ba ta da amfani cikin hazo ko bayan magariba. Akwai karkatar da layin. Jirage masu saukar ungulu da yawa ma an sa musu wuƙaƙen yankan waya a goshi, fasahar da kamfanin Bristol Aerospace na Kanada ya ƙirƙiro, amma wannan dabarar ranar da ƙaddara ta riga fata ce.

Za a ce, ai wanda ya mallaki jirgi da titi ba matalauci ba ne, me zai sa a ɗora wa masu biyan kuɗin wuta nauyin sha'awarsa? Na yarda, kuma ban ce a ɗora musu ba. Idan waya ta riga titi zuwa, mai titi ya biya. Idan titi ya riga ta, wanda ya zo daga baya ya nemi hanya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce hatsarin nasa ne shi kaɗai. Akwai fasinja da bai san komai ba, akwai baƙon matuƙi da matsalar inji ta tilasta masa sauka, akwai waya mai wuta da za ta faɗo kan busasshiyar ciyawa ko kan mai wucewa.

Mu ma zancen ya shafe mu. A 2024, bayan amincewa da a gina titin jirgi na cocin Living Faith a Ota, jihar Ogun, Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da ba wa masu zaman kansu irin wannan lasisin, kuma hujjarta tsaro ce, tsoron shigo da makamai. Damuwa ce mai tushe, amma muhawarar ta tsaya a kan abin da jirgi zai ɗauko, ba ta leƙa abin da zai tarar a hanyar sauka ba. Ga jiragen feshin tsuntsayen jan-baki da ke shawagi ƙasa-ƙasa a jihohi irin su Kebbi da Jigawa da Yobe, galibi gab da magariba lokacin da tsuntsayen ke komawa makwanci. Ga jiragen 'yan siyasa masu sauka a filin ƙwallo lokacin kamfe. A Kabba da ke jihar Kogi, ranar 2 ga Fabrairun 2019, ƙura ce ta rufe wa matuƙan jirgi mai saukar ungulu na Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ido wajen sauka har jirgin ya kife. Ƙara hazon hunturu a kan haka, da yadda ake jan wayar wuta a garuruwanmu, wani lokacin da kuɗin karo-karo na mutanen unguwa, ba tare da ta shiga wata taswira ba.

Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta riga tana ba da takardar izinin tsayi ga masu kafa eriyar sadarwa. Abin da nake so in gani shi ne a haɗa lasisin kowane titi mai zaman kansa da sharaɗi biyu: taswirar duk wayar da ke hanyar shiga da fita, wadda kamfanin rarraba wutar yankin ya sa wa hannu, da kuma sake zagaya wurin a ƙafa duk lokacin sabunta lasisi, domin titin da aka duba bara babu waya, bana wani na iya haƙa rijiyar burtsatse a gefensa ya jawo mata wuta.